Tattali Muka Yi, Ko Wani Muka Ɗora Wa Kayanmu?



Ranar wata Laraba, bayan an idar da sallar Magariba a ɗan masallacin da muke jan salla idan liman ba ya nan, wani bawan Allah ya jira har jama'a suka watse, sannan ya matso kusa ya rage murya. Ya ce, "Malam, ina da tambaya." Muka ce bismillah. Ya ce wani yaro mai gyaran wuta ne ya kawo masa shawara: zai zagaye masa mita da waya, firiza da injin jan ruwa su riƙa shan wuta kai tsaye, ƙwayaye da fankoki kawai su bi ta mita. Kuɗin aikin ba su da yawa, kuma katin da yake ƙarewa a sati ɗaya zai kai shi wata. Ya ce, "Malam, rabin layinmu haka suka yi. Ni kaɗai nake ta biya kamar wawa. Wai shin haramun ne?"

Mun nemi izininsa kafin mu rubuta wannan, ya ce a rubuta, amma ban da suna ban da layi. To, ba mu gaggauta ba shi amsa ba a daren. Hukuncin dai ba ɓoyayye ba ne, amma mun ji kunyar mu yi masa wa'azi daga sama, alhali mu ma a aljihunmu akwai takardar lissafin gida wadda ta hana mu barci. Ɗan kasuwa ne mu kafin limanci, kuma mai gida ne kamar shi.

Kowa ya san inda abin ya juya. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya faɗa a jawabin rantsar da shi cewa tallafin man fetur ya ƙare. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa naira 1,000 a wurare da yawa. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta ɗaga farashin rukunin A, wato masu samun wuta awa 20 a rana, daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauto. Ko gidanka ba ya cikin wannan rukuni, abin ya same ka ta wata ƙofar, domin mai niƙa da mai ƙanƙara da mai walda duk sun ƙara kuɗi. Motar da ke ɗauko mana hatsi da albasa da shanu daga Arewa zuwa Badun mai take sha, don haka mudun da ke Bodija ya tashi tun kafin a sauke buhu. In kiɗa ya canza, rawa ma dole ta canza. Babu mai hankalin da zai ce wa magidanci kada ya rage kashe kuɗi a irin wannan lokaci, kuma addini ma bai ce haka ba. A cikin Suratul Isra'i an hana mu ƙuƙume hannu, an kuma hana mu shimfiɗa shi gaba ɗaya, a Suratul Furƙan kuma an yabi bayin Allah da cewa ciyarwarsu tsaka-tsaki ce. Wannan duk ɗan Islamiyya ya haddace shi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ragin kuɗin gida iri biyu ne, kuma a takardar lissafi kamarsu ɗaya. Akwai ragin da ke fitowa daga ɓarna: abin da dā yake zuba a ƙasa ba wanda ya amfana, ka toshe shi. Akwai kuma ragin da nauyin bai tafi ko'ina ba, sauke shi kawai ka yi daga kanka ka aza wa wani, galibi wanda ba zai iya buɗe baki ya yi maka magana ba. Duka biyun idan wata ya ƙare za ka ga kuɗi sun saura a aljihu, ka ce alhamdu lillahi na yi tattali. Shi ya sa muke ganin tambayar da ta kamaci mai gida, duk lokacin da ya ga lissafinsa ya sauka, ita ce: wannan da na daina biya, wa yake biyansa yanzu?

Iri na farko ba ya bukatar dogon bayani, amma bari mu taɓa shi don kada a ce malam ya zo da hani babu mafita. Tsohon ƙwan lantarki mai zafin nan wat 60 yake ci, sabon farin nan na zamani wat 9 ya ishe shi ya ba da haske kusan iri ɗaya. Gida mai ƙwai goma, a kunna awa shida kullum, tsohon zai sha yunit 108 a wata, sabon kuma 16 da ɗan ɗoriya. Ku ɗauki biro ku buga da kanku. Duk abin da aikinsa zafi ne, dutsen guga da hita da risho na lantarki, shi ne mai cin kati, kowanne yakan kai wat 1,000 ko fiye. A tara guga a yi ta rana ɗaya. Firizar da robar ƙofarta ta saki tana aiki ba hutu, canza robar bai kai kuɗin katin sati ba. Tankin da ke cika ya yi ta ambaliya har sai maƙwabci ya ƙwala kira, wannan wuta ce da ruwa suke bin kwata tare. Famfon da ke ɗiga, ku ajiye masa bokiti da dare ku duba da asuba. Kuma mu masu alwala mu ji kunya: ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya na ruwa, abin da bai kai lita ba, mu kuwa sai mu saki famfo yana zuba muna gaisawa da na kusa. Duk abin da ka rage a nan halal ne tsantsa, babu wanda ya yi kuka.

Yanzu mu koma kan mai tambayarmu, domin hujjarsa ba ta banza ba ce, kuma ba daidai ba ne a yi kamar ba a ji ta ba. Da muka sake zama bayan kwana biyu, ya ce, "Malam, shekara nawa suna kawo min bil na ƙiyasi kafin in sami mita? Wata guda mu yi shi a duhu, takarda ta zo kamar mun kwana da injin niƙa. Da tiransifomarmu ta ƙone, mu muka yi karo-karo aka gyara. Waya ta tsinke, mu. To in na ɗan karɓi haƙƙina ta bayan gida, ina laifi?" Wallahi duk wanda ya daɗe a unguwar nan ya san bai yi ƙarya ba. Mu ma mun biya irin waɗannan kuɗi muna ƙunar rai.

Malaman fiƙihu sun san wannan mas'ala tun dā: wani ya ci maka haƙƙi, ba ka da yadda za ka karɓa, sai dukiyarsa ta faɗo hannunka, shin za ka ɗebi naka? Sun yi saɓani. Waɗanda suka hana sun kafa hujja da hadisin da ya ce a mayar da amana ga mai ita, kuma kada ka ha'inci wanda ya ha'ince ka. Waɗanda suka ba da dama kuwa sun ɗaure ta da sharuɗɗa: haƙƙin ya zama tabbatacce, a san iyakarsa, kada ka ɗauki fiye da shi, kuma kada abin ya jawo fitina ko ya zubar maka da mutunci a kira ka ɓarawo. To mu auna wayar zagaye da wannan ma'auni mai sauƙin ma. Nawa suka ci maka? Ba ka da adadi. Nawa za ka sha ta wayar? Babu mai ƙirgawa, ai don kada a ƙirga aka sa ta. Ran da ka cike abin da kake bi, za ka kira yaron ya cire? Mun tambaye shi haka, ya yi dariya, domin ya san amsar. Wayar da aka ɗaura ba ta da ranar sauka sai ran da aka kama ta.

Sannan wa ke biya? Mutum yana ganin kamfani yake cuta, wani ƙaton abu marar fuska. Amma ku lura da gidan da ba ya biyan wuta: ba a kashe komai a cikinsa. Hita a jone, risho a jone, ƙwai na ci da rana tsaka. Wanda ba ya jin zafin kati ba ya tashi ya kashe soket. Gida biyar, gida goma su yi haka a layi ɗaya, tiransifomar da aka yi don ɗaukar wani nauyi sananne ta ɗauki fiye da ƙarfinta, wuta ta riƙa zuwa ba ƙarfi, wata rana ta buga. Sai a zagayo da littafin karo-karo, a bi gida gida, har gidan gwauruwar da ƙwai biyu gare ta da rediyo. Tela ya yi sati uku ba ɗinki. Mai sayar da ruwan sanyi jarinta ya narke. Ashe ba kamfani kaɗai ka ɗebi haƙƙinka a wurinsa ba, ka haɗa da mutanen da kuke sahu ɗaya da su a masallaci.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, mazauna ƙasar wasu. Tun 1916 aka kafa Sabon nan, kakannin wasunmu a nan aka binne su, amma har gobe idan ɗayanmu ya yi abin kunya ba a cewa wane ya yi, cewa ake Hausawa sun yi. Ran da aka zo aka tono wayoyi a layi, sunan da zai fita gari na unguwa ne gaba ɗaya. Wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Sasa a watan Fabrairu na 2021 ya san yadda ƙaramar magana ke girma idan an riga an ƙullace ku. Mutuncin da muke ciniki da shi a garin nan na tarayya ne, bai kamata mutum ɗaya ya sayar da shi a kan kuɗin kati ba. Abin da muka ce wa mai tambaya ke nan: kada ya yi. In yana da ƙorafin tsohon bil, akwai ofishin ƙorafi, akwai kuma hukuma a sama da su, a haɗu a rubuta da sunan layi, ko da abin zai ɗau lokaci. Ya ce, "To Malam, sauran da suka yi fa?" Muka ce kabarinsu daban, naka daban.

Da a nan maganar ta tsaya, da mun tashi muna jin mu ne na kirki. Sai dai a daren da muka koma gida muka buɗe namu littafin, tambayar da muka yi wa wani ta juyo kanmu. Gidanmu akwai ɗakuna shida na haya a gaba, iyali kuma suna ciki, mita ɗaya muke sha. Shekara da shekaru tsarinmu shi ne a raba kuɗin kati kashi bakwai: kowane ɗaki kashi ɗaya, cikin gida kashi ɗaya. Haka muka tarar ana yi, ba wanda ya taɓa cewa uffan. To amma cikin gida akwai firiza, akwai talabijin, akwai dutsen guga, fanka huɗu. Ɗaya daga cikin 'yan hayar kuwa yaro ne mai gyaran takalmi, ƙwai ɗaya gare shi da cajar waya, ko fanka ba shi da ita, kuma tun safe ya fita sai bayan Isha'i. Ƙwan nasa ko yunit biyu ba ya sha a wata. Muna karɓar masa daidai da abin da muke biya mu da iyalinmu duka. Da kuɗin wuta suka tashi, ba mu ji zafin sosai ba, har muna yaba wa kanmu iya riƙon gida. Ashe yaron nan ne da 'yan'uwansa suke sanyaya mana ruwa.

Mun sha karanta Suratul Muɗaffifina a sallar Isha'i, muna fassara wa mutane cewa tana magana ne a kan mai mudu biyu, na saye daban na sayarwa daban. Kullum tunaninmu yana tafiya kasuwa, wurin masu awon hatsi. Ba mu taɓa kawo ta cikin zauren gidanmu ba. Shirun ɗan haya kuma ba yarda ba ce. Wanda ya san in ya yi magana za a iya ce masa ya nemi wani ɗaki, a garin da ɗaki ya yi wuya, me zai ce? Malamai sun ce abin da aka karɓa da takobin kunya ba halal ba ne, balle wanda aka karɓa da tsoron kora.

Abin da muka yi ba wani abin a yaba ba ne, gyaran ɓarna ne. Muka tara su bayan sallar Asuba, aka rubuta abin da kowane ɗaki ke jonawa. Kuɗin injin ruwa aka ware shi daban aka raba bisa yawan mutane, tunda kowa na sha. Cikin gida muka sa ƙaramar mita irin wadda ake sayarwa a kasuwa, abin da ta nuna mu biya, saura su raba gwargwadon kayansu. Kasonmu ya haura rabi. Yaron nan muka ce masa ya yafe mana na baya, muka kuma ɗauke masa hayar wata biyu, duk da mun san lissafin bai cika ba. Ya ce, "Haba Baba, ai ba komai." Wannan "ba komai" ɗin ta fi zagi ciwo. Abin mamaki, tun da kuɗin firiza suka dawo kanmu, sai ga shi mun iya kashe ta da dare. Dā ba mu taɓa tunanin haka ba.

Wuri na biyu da nauyi ke sauka shiru shi ne kan matan gida, kuma a nan muna roƙon 'yan'uwa maza su yi haƙuri da mu. Magidanci zai ce, ni fa ban ƙara ko sisi a kuɗin cefane ba tun bara, kuma ana ci ana ƙoshi. Yana faɗa yana alfahari. To Alhaji, kai da kake kasuwa, ka san abin da kuɗin bara ke saye bana. In tukunya ba ta ragu ba, wani ne ya cike giɓin. Ribar ɗanwake ce da awara da ƙullin gyaɗa, kuɗin adashinta ne, wani lokaci ɗan kunnenta ne ya tafi ba ka sani ba. Ciyarwa a kan miji take, dukiyar mace kuwa tata ce, in ta taimaka alheri ta yi, sai a sani a gode. Hindu matar Abu Sufyan ta kai ƙarar mijinta wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa mutum ne mai maƙo, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da 'ya'yanta, aka ba ta izinin ta ɗebi abin da zai wadace su bisa al'ada. Abu Sufyan fa babban attajirin Makka ne, shugaban fatake. Ba a ce masa ya iya tattali ba.

Haka batun gas. Da farashinsa ya tashi, gidaje da yawa sun ajiye tukunya sun koma gawayi da itace. Wanda ba shi da hali, babu laifi a kansa, Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba za ta iya ba. Amma mai hali ya sani, bambancin kuɗin da ya rage ba ɓacewa ya yi ba, idon mai girki da ƙirjinta ne suke biya, a ɗan madafin da ko taga ba shi da ita, da damina kuma itacen Badun jiƙaƙƙe ne. Ko ba komai a zauna da ita a yi shawara: wake da ganda da abin da ke daɗewa a wuta a ɗora a gawayi a tsakar gida, shayin safe da ɗumame a yi a gas. In ita ta zaɓa da bakinta, bayan ta san abin da ke aljihunka na gaskiya, wannan zaman aure ne. Mu dai mun lura da wani abu a kanmu da abokanmu: almakashin ragi kullum daga madafi yake farawa, ba ya isowa teburin mai shayi, ko katin waya, ko sabuwar shadda ta kowane biki, ko ragon Layya da ake saye don maƙwabta su gani. Wanda zai yanka, ya fara da nasa jikin.

Ƙaramin janaretan nan ma, da mutanen kudu suka laƙaba wa suna mai ma'anar "na fi maƙwabcina", sunan kaɗai ya isa wa'azi. Mai shi yakan kai shi can bayan ɗaki don kada ƙara da hayaƙi su dame shi, bayan ɗakinsa kuwa tagar wani ce. Hayaƙin nan yana kisa, an sha jin iyali sun kwanta ba su tashi ba. Wannan ko kuɗi bai rage ba, damuwa kawai ya tura wa wani.

Inda abin ya fi mana wuya, kuma ba za mu yi kamar muna da yankakken hukunci ba, shi ne alherin da ba wajibi ba. Masu rijiyar burtsatse da yawa a unguwar nan sun fitar da kan famfo waje don jama'a. Yanzu injin ruwa mai doki ɗaya yana cin kusan yunit ɗaya duk awa da 'yan mintuna, in babu wuta kuma sai an ƙona fetur. Wasu sun rufe famfon, wasu sun sa kuɗi. Shin sun yi laifi? An hana a hana rarar ruwa, wannan ya tabbata. Amma ruwan da ka jawo da kuɗinka ka tara a tankinka, malamai sun ce mallakarka ne, kana iya sayarwa, in dai ba wanda ƙishirwa za ta halaka ba ne. Don haka ba za mu kira mai rufewa azzalumi ba. Abin da za mu ce shi ne, tsakanin a bar famfo dare da rana da a ɗaure shi da kwaɗo akwai fili mai faɗi. A buɗe awa ɗaya da safe. A ce masu wankin babur da masu kurar ruwa su biya, masu bokitin sha su ɗiba. Maƙwabta masu hali su riƙa jefa wani abu na mai. Mun ga layin da suka yi haka, famfon bai mutu ba. Kuma a gaya wa mutane dalili da baki, domin matar da ta zo da bokiti ta tarar da kwaɗo ba tare da ko sanarwa ba, abin da ta ji a ranta ya wuce rashin ruwa.

Sai ɗakin baƙi. Yaran yanzu ba su san cewa kalmar "mai gida" a Sabo tana da ma'anar da ta wuce mai mallakar gini ba. Mai gida shi ne wanda fatake ke sauka a wurinsa, masu shanu daga Arewa da masu sayen goro. Ya ba su wurin kwana, ya ciyar da su, ya ajiye musu kuɗi, ya tsaya musu a ciniki da mutanen gari, shi kuma ya sami la'adarsa. Da wannan aka gina unguwar nan. Yawancinmu, ko iyayenmu, a zauren wani muka fara kwana a garin nan, da 'yar jaka ɗaya, ba a tambaye mu ko sisi ba. Yau la'adar ta tafi, waya da banki sun ɗauke aikin, amma baƙin ba su daina zuwa ba: mai jinya da aka turo babban asibitin koyarwa, ɗalibi mai jarrabawa, yaron da ya sauka a mota ba shi da kowa. Ɗakin da suke kwana kuwa, in aka sa shi haya, zai biya kuɗin wutar gidan duka.

Babban ɗanmu ya kawo mana wannan lissafi a rubuce, kuma lissafinsa daidai ne. Ya ce, "Baba, haƙƙin baƙo kwana uku ne, kai ka koya mana. Mu namu sai su yi wata. Ga kuɗin makarantar ƙannena an ƙara." Ba mu da abin da za mu ƙaryata a ciki. Ciyar da iyali wajibi ne, ɗakin baƙi na dindindin kuwa kyautatawa ce, kuma ba a barin wajibi don nafila. Wanda ya mayar da nasa ɗakin haya don ya riƙe gidansa, kada wani ya zage shi a majalisa. Sai dai ko a nan tambayar nan ba ta sake mu ba: in kowane gida ya rufe, ina mai jinyar zai kwana? A barandar masallaci, ko a tasha. Nauyin da gidaje hamsin suke ɗauka ba a ji, zai koma kan gida uku da suka rage, har su ma su gaji.

Mun kai maganar gaban wasu dattawan layinmu, aka yi ta ja. Wani ya ce a ware ɗaki biyu a jikin masallaci, masu gidaje su riƙa ba da wani abu duk wata, kowa ya huta. Wani ya ce baƙon da aka sauke a gida daban yake da wanda aka ajiye a ɗakin jama'a, domin a gida ne ake sanin halinsa har a samo masa sana'a. Ba a tsayar da magana ba, an ce a sake zama bayan Salla.

Mu dai a namu gidan abin da muka yi shi ne, mun ce wa yaron a bar ɗakin zuwa ƙarshen shekara, mu kuma mun ajiye sayen babur ɗin da muka yi niyya, mun daina ɗinkin kowane biki, a ga ko lissafin zai haɗu. In bai haɗu ba, za mu kira shi mu ce ya yi gaskiya. Mai tambayarmu na ranar Laraba kuwa, mun haɗu da shi a bakin kasuwa makon jiya. Ya ce bai sa wayar ba, ya canza ƙwayayen gidan duka, ya kuma sayar da tsohuwar firizar. Katin sati yanzu yana kai shi kwana goma sha biyu. Ya ce har yanzu in ya ga hitar maƙwabcinsa a jone da rana, ransa yana ɓaci.